Sakatar Ƙofar Gawasa

Masu riƙe da labarin mutanen dā sun ce a shekara ta shida ta sarautar Sarki Tunau na Birnin Marke an yi kaka irin wadda tsofaffi suka daɗe ba su gani ba. Gero ya cika rumbunan ƙauyukan Fadama har ana jibge dammuna a ƙasa. Amma tun ba a gama yankan dawa ba sai ungulaye suka sauka a kan itatuwan gawasa da ke gaban ƙofar yamma, wadda ake kira Ƙofar Gawasa. Babu mushe a wurin, babu mahauta, suka dai jeru suka zuba wa hanya ido. Yara suka yi ta jifansu suna dariya. Manya kuwa ba wanda ya yi dariya, don rabon da a ga ungulu a itatuwan nan tun Ranar Rufi.

Bari in gaya muku abin da ake kira Ranar Rufi, don in ba ku san ta ba sauran zancen ba zai shige ku ba. Al'adar ƙasar tun kaka da kakanni, in aka buga tambarin yaƙi, mutanen ƙauye su kwaso 'ya'ya da dabbobi da hatsi su shige birni, ganuwa ta rufa musu asiri. Saboda wannan alkawarin suke zuwa gyaran ganuwa duk rani ba tare da an biya su ba. To shekara goma sha tara kafin wannan, zamanin mahaifin Tunau, Dargazawa suka kawo hari, aka buga tambari, mutanen Fadama suka taho kamar yadda aka saba. Rundunar birni ta karye a bakin kogi, mahaya suka dawo a guje, suka bi ta kan talakawa suka shige. Barau, wanda a lokacin shi ne Barde, dokinsa na tsallake dokin ƙofa ya waiwayo ya daka tsawa ya ce Sarki ya ce a rufe. Sarki bai ce ba. Sarki yana can fada, bai ma san an karye ba. Amma Cindo Sarkin Ƙofa, wanda bai fi wata uku da gadon sarautar ubansa ba, ya tura ƙyaure ya zura sakata, mutanen ƙauyuka tara na Fadama suna waje. Daga hantsi har la'asar suna dukan ƙyauren da gatari da tabarya da tafin hannu, Dargazawa suna sarar su ta baya. Cindo yana tsaye ta ciki, ya jingina da sakata, kowane bugu yana jin sa a gadon bayansa.

Bayan kwana arba'in aka yi sulhu. Maroƙa suka shiga wasa Barau cewa shi ya ceci birni, tafi-tafi har ya zama Madaki, shugaban dawakin ƙasar duka. Ka ji aikin duniya. A Fadama kuwa yaƙin bai ƙare ba. Waɗanda suka tsira suka koma gida suka ɓalle ƙyamaren ɗakunansu suka sa a murhu, kuma har zamanin da muke magana ba ɗakin da ke da ƙyaure a ƙauyukan nan tara. Ko amarya aka kai, asabari ake rataya mata. Hatsinsu a bayan ganuwa suke sayarwa, ba sa shiga. 'Ya'yan da aka haifa bayan abin, waɗanda ba su ga komai ba, su ma in suka ji ƙarar ƙyaure sai ka ga sun ƙanƙame zanen uwarsu. Akwai wani manomi da duk Juma'a sai ya zo ya ƙwanƙwasa Ƙofar Gawasa da dutse, ko da a buɗe take, yana cewa a taimaka a buɗe wa matarsa.

Shi ma Cindo bai fita lafiya ba. Ya rantse tsakaninsa da Allah ba zai sake rufe ƙofa da mai rai a waje ba. Kullum da magariba, kafin ya tura ƙyaure, sai ya taka har gindin gawasa ya fuskanci hanya ya ce, "Akwai saura?" har sau uku, ya saurara, sa'an nan ya dawo. 'Yan birni, da yake ba a kansu abin ya faɗa ba, suka mai da shi abin tsokana, suka laƙaba masa suna Akwai-Saura. Bai taɓa tanka musu ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa bakin da ya ba da umarnin rufewa ba. Wa zai yarda da mai gadin ƙofa a kan Madaki?

Kwana uku da saukar ungulaye, ɗan leƙen asirin Sarki ya iso da hantsi a kan doki mai kumfa, ya faɗi a gaban fada ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Sarkin Dargaza ya taso. Na ga tutocinsa da idona. Ya rantse a gaban jama'arsa cewa geron Fadama dawakinsa za su ci bana. In ruwan kogi bai tsare shi ba, kwana biyar yana nan."

Kafin azahar labari ya game gari. Wasu suka ruga gidan malamai neman laya, mata suka shiga binne tasoshi da mundaye a ƙarƙashin gado, samarin da ba su taɓa ganin jini ba suka yi ta yawo da takubban kakanninsu suna cika baki. Sarki ya sa aka buga tambari a kan ganuwa, aka wangale ƙofofi, aka zuba ido. Rana ta faɗi, ta sake fitowa, ko akuya ba ta shigo daga Fadama ba. Manzannin da aka aika suka dawo suka ce mutanen sun ji tambari sarai, amma ba kuka, ba guje-guje, mata suna ta niƙan gari ne, maza suna haƙa ramuka a cikin gonaki, sun ce gara su mutu a inda suke iya gudu.

Sarki Tunau ya tara majalisa. Da aka gama gaisuwa ya ce, "Rumbunan birni ba za su riƙe mu fiye da wata biyu ba. Abincin shekara yana Fadama, rabin hannayen da za su riƙe baka a kan ganuwa suna Fadama. In Dargaza ya same su a fili, ya sami abinci, ya sami bayi, mu kuma sai ya zauna ya jira yunwa ta buɗe masa ƙofa. Ku faɗi abin da kuka gani."

Madaki Barau ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki. Talaka ba a roƙonsa, kora shi ake yi. A ba ni dogarai ɗari da bulala, kafin jibi in cika maka birni da su da hatsinsu. Abin da ba mu iya kwasowa ba mu cinna masa wuta. Wanda ya ƙi jin tambarin Sarki ai tawaye ya yi."

Galadima Shekarau, dattijo ne mai sanyin magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, ana iya kai doki bakin ruwa, amma ba a sa shi sha dole. Mutumin da ka shigo da shi da bulala, ranar da ka ɗora shi kan ganuwa ba ka san inda zai auna kibiyarsa ba. Mutanen nan ba tawaye suka yi ba. Sun amsa tambari sau ɗaya, mun san abin da suka samu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi."

Madaki ya ce, "Galadima yana so a tone kabarin da ya shekara goma sha tara."

Galadima ya ce, "Ba a binne su ba, Madaki, balle a tone. Ungulu ce ta yi mana aikin."

Ana cikin haka Shamaki ya shigo ya ce ga Magajiyar Fadama can ta zo, Kuluwa, wadda ke shugabantar matan ƙauyukan tara, don dagatai duk sun noƙe sun turo ta. Amma ta tsaya a gindin gawasa, ta ce ƙafarta ba za ta tsallake dokin ƙofa ba, mai son magana da ita ya fito. Fadawa suka hau salati, wai yaushe aka taɓa jin Sarki ya je wurin mace talaka. Sarki kuwa ya ce a ɗaura masa sirdi.

Suka tarar da ita zaune a kan saiwar gawasa, tsohuwa ramammiya, hannunta na hagu a shanye tun daga kafaɗa. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ba ta rage komai ba. Cindo yana tsaye a gefen ƙofarsa, kansa a ƙasa, don ya san ta. Mijinta da 'ya'yanta uku a nan suka kwanta.

Sarki ya ce, "Iya, na buga tambari ba ku zo ba. Ga ƙofa a buɗe. Me kuke jira?"

Kuluwa ta ce, "Allah ya taimaki Sarki. Wancan karon ma a buɗe muka hango ta. Da mun san za a rufe, da mun watse cikin dawa, da rabinmu sun tsira. Buɗewar ce ta tara mu wuri ɗaya aka same mu. Ni ina nan, nan inda dokinka yake tsaye, da goyo a bayana. Ban ji zafin saran da aka yi mini ba sai daga baya. Abin da na ji shi ne kukan ƙyauren nan lokacin da ake tura shi, kuma ban daina ji ba. Ba na tambayar wanda ya ce a rufe. Bakin da ya faɗa yana raye, hannun da ya tura yana raye, Allah ya san su."

Madaki ya kau da kai yana wasa da linzami.

Sarki ya ce, "Na rantse miki da kabarin mahaifina ba za a rufe ba sai kun shiga."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinka mutumin kirki ne, shi ma ba a tambaye shi ba. Rantsuwar Sarki tana fada, ƙyaure yana nan. Abu ɗaya mutanena suka aiko ni da shi. A cire ƙyauren a kwantar da shi a ƙasa, mu gani da idonmu. Ƙofar da ba ta da ƙyaure za mu shige ta."

Madaki ya zabura ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ai haukan tsufa ne. Abokin gaba yana tafe, a ce mu tuɓe wa birni wando? In an cire, wa ya san ko za a iya mayarwa a kan lokaci?"

Aka kira Sarkin Maƙera aka tambaye shi. Ya ce ƙyauren itacen ƙirya ne an lulluɓe shi da ƙarfe, saukewa ba wuya, amma ɗagawa a ɗora shi a kan ƙarfen da yake juyawa sai ƙarti arba'in da igiyoyi, daga fitowar rana zuwa azahar. Galadima ya ƙidaya kwanakin ya ce akwai sarari, in mutanen suka hanzarta. Sarki ya daɗe yana duban hanya. Wallahi na tausaya masa, don ko wanne ya zaɓa da ran mutane yake caca. Daga ƙarshe ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "A sauke shi. Kuma ku shaida, ba za a ɗaga shi ba sai Sarkin Ƙofa ya fita ya yi kiran nan nasa sau uku ba wanda ya amsa. Wanda ya ɗaga kafin nan, ni ya saɓa wa."

Ranar aka sauke ƙyauren aka kwantar da shi a cikin zauren ƙofa, fuskarsa ta waje tana sama. Nan ne 'yan birni da yawa suka fara ganin abin da suke wucewa kullum ba su duba ba. Ƙarfen duk ya lotsa da sarar gatari, kuma can ƙasa, daidai tsayin gwiwar babba, akwai 'yan ƙananan tabo na duwatsu. Wani daga cikin masu tsokanar Cindo ya tambaya ko mene ne ya yi waɗannan. Cindo ya ce, "Yara ne." Daga ranar bai sake jin wani ya kira shi Akwai-Saura ba.

Washegari Fadama ta taso. Jakuna da dammunan gero, shanu, mata da tukwane a ka, tsofaffi a kan amalanke. In sun iso gindin gawasa sai su tsaya su leƙa, su ga sarari a inda ƙyaure yake, su yi bisimilla su wuce da sauri ba sa duban gefe. Kwana biyu ana haka, ƙauye bakwai suka shige. Saura biyu mafi nisa, na bakin kogi, cikinsu har da na Kuluwa, ita da kanta ta koma ta taho da su.

A safiyar rana ta uku, tun rana ba ta yi zafi ba, wani mahayi daga masu tsaron mashigin kogi ya iso. Doka ita ce ya wuce fada kai tsaye, amma yaron Madaki ne, sai ya tsaya wurin ubangidansa ya raɗa masa cewa Dargazawa ba su jira ruwa ya janye ba, sun sami wani mashigi ta arewa, kafin la'asar suna bakin ganuwa. Madaki ya ce kada ya faɗa wa kowa, shi zai kai wa Sarki. Bai kai ba. Ya san Sarki zai ce a jira, shi kuwa Barau tun yana saurayi ba ya iya jira in ya ji ƙamshin mashi. Ya nufi ƙofa da fara'a ya ce, "Sarkin Ƙofa, mutanen bakin kogi suna jan ƙafa. Ɗauki jakunan fada ka taryo su, ka ɗora tsofaffinsu. Kai suka fi yarda da kai yanzu." Cindo, bawan Allah, har godiya ya yi masa. Yana ɓacewa daga gani Madaki ya kira Sarkin Maƙera ya ce Sarki ya ce a ɗaga ƙyaure.

Azahar ta gota lokacin da Cindo ya dawo, shi da Kuluwa a gaba, bayansu jama'ar ƙauye biyu sun miƙe a hanya har ido ba ya ganin ƙarshensu. Sun kusa gawasa ke nan suka ji shi. Maƙera sun gama ɗorawa, suna gwada juyawarsa, ƙyauren ya yi wannan dogon kukan nasa na ƙarfe a kan ƙarfe.

Ba wanda ya yi ihu. Da ma sun yi, da ya fi sauƙi. Na gaba suka tsaya cik, na baya suka tsaya. Wata mata ta sauke tukunyarta a hankali ta ajiye a tsakiyar hanya, ta gyara goyonta, ta juya. Sai na kusa da ita, sai na bayansa. Wancan karon sun ruga gaba ne aka kashe su a gindin ganuwa, sun kuma yi shekara goma sha tara suna gaya wa 'ya'yansu cewa in ka ji kukan ƙyaure kada ka nufi ƙofa. Suka bar kaya a zube suka nufi Fadama, inda hayaƙin ƙauyensu ya riga ya fara tashi, ba su ma lura da shi ba.

Kuluwa ta dubi Cindo ta ce, "Har da jakuna ka zo mana, Sarkin Ƙofa." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta juya ita ma.

Cindo ya ruga, tsoho da shi, ya tarar da ƙarti sun dafa ƙyaure, Madaki yana kan doki a cikin zaure yana cewa a tura. Cindo ya shiga tsakanin ƙyaure da bango ya tsaya.

Madaki ya ce, "Kauce, Cindo. Dargaza ya ƙetare kogi. Sarki ya ce a rufe."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon ma haka ka ce mini. Kai ne, a kan jan doki, kibiya ko ɗaya ba ta taɓa ka ba. Na yi shekara goma sha tara ina ɗauke da maganar nan ni kaɗai, yau na sauke ta a gaban waɗannan. In Sarki ya ce, Sarki ya zo ya faɗa da bakinsa."

Maƙera suka saki ƙyaure suka dubi juna. Madaki ya ce dogarai su janye shi. Amma Cindo ya riga ya kai hannu ga sakata, wadda ke jingine da bango, gungumen ƙirya mai ɗaurin ƙarfe uku. A Birnin Marke kuwa, tun kafa garin, ba mai taɓa sakata sai Sarkin Ƙofa da wanda ya yarje wa, ba kuma mai taɓa Sarkin Ƙofa muddin hannunsa yana kanta. Dogarai suka ja da baya. Ya durƙusa ya saɓa kanta ɗaya a kafaɗa, ɗaya kan yana jan ƙasa, ya fita da ita. Ƙyaure ba sakata ai katako ne kawai, ko jaki ya jingina da shi sai ya buɗe.

Ya ja ta ya tsallake ramin ganuwa, ya wuce gawasa, yana faɗuwa yana tashi, kafaɗarsa ta tsage jini ya jiƙa masa riga. Ba ya da numfashin kira. Ƙarar ƙarfen a kan tsakuwa ce ta sa Kuluwa ta waiwayo. Ta tsaya tana kallonsa har ya iso ya kife a gabanta, sakatar ta faɗi a tsakaninsu.

Ya ce, "Magajiya, ga ta. Ba ta komawa sai kin ce."

Kuluwa ta dubi sakatar. Sa'an nan ta sunkuya ta ɗora hannunta mai lafiya a kan sakatar, ta shafa ta, kamar mai son tabbatar da cewa itace ce kawai. Ta miƙe ta kira wasu samari biyu da sunan iyayensu ta ce su ɗaga ta sama yadda na nesa za su gani. Cindo ya ce ya yarje musu. Labari ya bi hanya daga baki zuwa baki cewa sakata tana waje, tana hannun Fadama. Matar nan mai goyo ita ce ta fara dawowa ta ɗauki tukunyarta.

A daidai wannan lokacin Sarki Tunau ya iso ƙofa, Galadima ya kai masa labari. Ya saurari Sarkin Maƙera, ya saurari mahayin da aka ɓoye, bai ɗaga murya ba. Ya hau kan ganuwa ya duba. Mutanen bakin kogi sun juyo, amma tafiyar masu goyo da tsofaffi ce, na ƙarshensu yana da nisa. Can bayansu, a inda dawa ta ƙare, wani abu yana ƙyalli a rana, yana kuma ƙaruwa.

Ya sauko ya tsaya a gaban Barau ya ce, "Madaki, sau biyu ka ari bakin Sarki. Wannan shari'a tana jiranka in akwai gobe. Yanzu ƙofa ba ta rufuwa sai sakata ta dawo, sakata ba ta dawowa sai na ƙarshensu ya shiga. Kai ne shugaban dawakina. Ka fita da su ka tsaya tsakanin talakawana da Dargaza, ka riƙe shi har sai Sarkin Ƙofa ya yi kiransa ba a amsa ba."

Madaki ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, ya juya kan dokinsa. Aka buga kuge, 'yan lifidi suka fito bibbiyu ta Ƙofar Gawasa, mutanen ƙauye suna raɓewa gefe suna ba su hanya. A gindin gawasa Cindo da Kuluwa suna zaune a kan sakata, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan. Da Madaki ya zo daidai su ya ja linzami. Fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa mata toka. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sarkin Ƙofa, in abin ya ɓaci muka juyo, za mu tarar da ita a buɗe?"

Kuluwa ce ta amsa. Ta ce, "Allah ya ba Madaki nasara. Mu ma haka muka zata."

Ya zaburi doki ya wuce. Ungulayen da suka kwana bakwai a kan gawasa suka tashi gaba ɗaya suka bi bayan rundunar. Daga Fadama gangar Dargaza ta fara amsawa, ƙasa tana ɗauko sautin tun kunne bai gama ji ba. Cindo ya dafa gwiwa ya miƙe, ya fuskanci hanya yadda ya saba yi kowace magariba shekara goma sha tara, ya ce, "Akwai saura?"

A duk shekarun nan ba a taɓa amsa masa ba. Yau kuwa, daga nan gindin gawasa har can inda ƙyallin bakin mashi yake matsowa, muryoyi suka taso, na mata da na tsofaffi da na yara, suna cewa, "Akwai."

Ya koma ya zauna a kan sakata.